Mangwaron da Ke Cikin Randata

Tausayina ya ji ne, ko kuwa raina ni ya yi? Tun da na shiga takaba nake juya wannan tambaya, kuma mai amsar yana kwance gabas da gari. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa. Ina yi masa addu'a da zuciya ɗaya, da ita kuma nake fushi da shi. Ɗiyar ƙanwata da ke koyarwa a lakwal can Mayahi ita ke rubuta abin da nake faɗa, don ni ban san baƙi ba, na allo ko na boko. Na ce mata ta rubuta har da fushin. In ta cire shi, to ba maigidana ta rubuta ba, wani mutum ne daban.

Cikin ɗarin bana ya rasu. Ban san yana da jama'a haka ba sai da na ga an cika ƙofar gida, a shekarar da ko jaki ba ya iya doguwar tafiya saboda rama. An zo daga Tasawa, an zo daga garinmu Baudeta. Ina daga ɗaki na ji liman yana cewa bai taɓa ganin mai riƙe magana kamarsa ba. Maigari ya karɓa ya ce, "Shi in ya ce to, an gama." Na ji daɗi a lokacin. Ban san wace magana suke yabonsa da riƙewa ba.

Mata kuwa sukan shigo su durƙusa su ce mini ya haƙuri, in ce da godiya. Sai in ga idonsu ya tafi tsakar gida inda ɗan mangwaronmu yake tsaye cikin randa, ya yi fure fari sol, sai su yi maza su kawar da kai. Na ɗauka kunyar yabon fure suke ji a gidan mutuwa.

Wani dattijo makiyayi ma ya zo, cikin mutanen arewa waɗanda farin shekarun baya, na farko, ya koro ba ko akuya. Ya tsuguna bakin ƙofa, ya ja rawani ya rufe ido, yana kuka. Ya ce, "Mutumin nan ya ciyar da ɗiyana da abin da ba shi da shi." Na ce a raina Hausa ce ta kuɓuce masa. Ashe duk cikin masu gaisuwa shi ya fi kusa da gaya mini gaskiya.

Ranar sadakar bakwai na sa aka kira mini ƙanen maigida, wanda darnin kara kaɗai ya raba gidanmu da nasa. Abokin wasana ne tun ina amarya. Shi ya ce mini amaryarsa ta ajiya, ni in ce masa raggon miji. Ya zo da matarsa, facalata, suka zauna. Na ce, "Ka sa a haƙa mini rami nan tsakar gida. Zan fasa randar nan in dasa iccen yayanka a ƙasa, ya zama sadaka gare shi. Duk wanda ya sha inuwa, ladan ya same shi."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ya ce, "Yaya, a bari a gama karɓar gaisuwa."

Tunda nake bai taɓa kirana Yaya ba.

Facalata ba ta iya riƙe magana, ba kuma da mugunta ba, haka Allah ya yi ta. Ta ce, "Ai ba a dasa icce a ƙasar aro, ke ma kin sani."

Na ce, "Aron wa?"

Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta sa hannu ta rufe baki. Ta ce, "Wallahi na ɗauka kin sani. Kowa ya ɗauka kin sani."

Ba kowa ba. Wasu sun san ban sani ba.

Ga yadda abin ya kasance, kamar yadda na tsinto shi daga baya, guntu nan guntu can. A farin farko, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, na tafi Baudeta jinyar mahaifiyata har ta cika. Na baro rumbunmu ba ko zangarniya ɗaya. Ƙanen maigida yana fataucin hatsi lokacin, yana da ajiya, yana kuma tsoron sojoji, don an ce suna fasa ɗakin duk wanda ya ɓoye abinci. Maigidana ya je ya same shi. Ya ba shi rabonsa na gidan ubansu, da gonar da ke bayan gida, shi kuma ya cika masa rumbu. Liman da maigari suka shaida. Aka ce mu zauna muddin maigida na da rai, a kan aro. Kuma kowa a ƙasar nan ya san dokar aro. Ka shuka hatsi, ka shuka wake, duk abin da ake girbewa a shekara. Amma ba ka haƙa rijiya, ba ka dasa icce, don icce yakan fi shaidu daɗewa, gobe jikoki su tashi su ce kakanmu ya dasa, nan namu ne.

Na dawo na tarar da hatsi. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Allah ya buɗa, ƴar Baudeta." Haka yake kirana. Ya je cin rani Najeriya a bara waccan, sai na ɗauka wani abu ya ajiye. Na riƙa faɗa a bakin rijiya, shekara da shekaru, cewa mijina bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, ko a shekarar da manya suka sayar da tabarmar kwanansu. Mata suna jan wasaki suna cewa haka ne. Wannan haka ne ɗin yanzu shi ke hana ni haɗiye fura.

Daga cikin hatsin nan ya riƙa ɗiba yana kai wa makiyayin da ya sauka bayan gidanmu da ƙananan ɗiya. Na yi masa magana sau ɗaya, na ce muna da namu bakin. Ya ce, "Kukan yaran nan yana shigowa ta darni. Ke kina iya cin tuwo a kansa?" Ban iya ba. Ni na riƙa kai musu kunu da kaina daga ranar.

Ban so a ce don ina fushi na rage masa komai. Mutum ne mai sanyin murya. Ba ya shiga gida da takalmi, wai ƙasar da mace ta share ba a taka ta da ƙazantar waje. In ya dawo kasuwa yakan ɓoye mini ɓarin goro cikin hularsa, ya ce in nemo. In na yi faɗa ya bar ni in gama, sannan ya ce, "Saura na gobe ki ajiye, kar ya ƙare." Ɗiyanmu maza ƙyanda ta kwashe su suna ƙanana, mace ɗaya ta rage, tana aure a Mayahi. Ranar da muka rufe na ƙarshe, ya dawo daga maƙabarta ya same ni zaune. Ya ɗauki taɓarya ya daka mini hatsin ranar, ƙofa a buɗe, bai damu da wa zai gani ba.

Mangwaron ya zo ne bayan an ɗan sami damina. Sojoji suka ce kowane gida ya dasa icce, samarin gari suna yawo da ganga suna rabon dogon yaro. Kowa ya karɓa ya kafa a ƙofarsa. Shi kuwa ya tafi Tasawa ranar kasuwa, ya dawo da wani ɗan tsiro rungume a ƙirji kamar jinjiri, ko kamu ɗaya bai kai ba. Ya ce mangwaro ne mai aure, an ɗaura reshen babba a kan ƙarami, ba ya daɗewa yake haihuwa. Tun ina yarinya na taɓa gaya masa cewa ba abin da nake so kamar mangwaro, ashe ya riƙe.

Ina da wata babbar randa cikin kayan aurena, ta tsage a gindi, ba ta riƙe ruwa, na kasa yar da ita don uwata ta saya mini. Ya ce in ba shi. Ya ɗaure ta da waya, ya zuba ƙasar fadama da takin awaki, ya ɗora ta kan tsohon dutsen niƙa a tsakar gida. Na ce, "Mi ya hana ƙasa?" Ya ce gara. Wata shekara na sake tambaya, ya ce awaki. Wata shekarar ya ce bai yi ƙwari ba tukuna.

Da mai duba itatuwa ya zo zagaye da kakinsa, ya tsaya ƙofarmu ya ce ina iccen gidan nan. Maigida ya shigo da shi ya nuna masa randa. Mutumin ya ce, "Tsoho, a ƙasa aka ce." Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa yana lakwal tukuna. In ya gama karatu zai fito aiki." Mutumin ya yi dariya ya tafi. Ni ma na yi dariya har da riƙe ciki. Na ba da labarin nan ya fi a ƙirga.

Ruwa kuwa, wanda bai ja wasaki a rijiyar garin nan da bazara ba ba zai gane ba. Igiya takan cinye tafin hannu kafin ka ga ruwa. Maigida ya mai da bakin randar nan wurin alwalarsa, ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Ni kuma ruwan ɗauraye ƙwarya nake tara masa. Da fari ya dawo, na biyun nan da muke ciki, aka koma layin jar dawa a bayan motar sojoji, rijiya ta ja baya, sai ya riƙa ɗaukar tulu da kansa. Maza a dandali suna ce masa mijin mangwaro. Ya ce, "Ku bari ta haihu, za ku zo barka."

Amma shi ya hana ta haihuwar. Shekara ta biyu iccen ya yi fure. Na fito da safe na gani, na yi guɗa ni kaɗai. Ya zo ya duba, ya sa farce ya tsinke furen duka, ya zuba cikin randa. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Dubi ƙaurinsa, kamar ɗan yatsana. In ya ɗauki ɗa yanzu, duk ƙarfinsa can zai tafi. Ki sha mangwaro ɗaya bana, baɗi ki sha inuwar busasshen kara." Ya ce icce a randa ba shi da inda zai miƙa ƙafa ya nemo abinci, abin da aka zuba masa shi ke nan, bai isa ya ci da kansa ya ci da ɗa ba.

Gaskiya ya faɗa, na sani. Duk wanda na tambaya cikin masu garka, masu noman lambu, haka ya ce. Abin da ke ƙona ni ke nan. Da gaskiya ya rufe ƙarya. Icce a randa ba ya iya ɗaukar ɗa, haka ne. To wa ya hana shi fita randar?

Shekara ta gaba na yi dabara. Na zaɓi wani fure da ke can ciki, na ja ganye na rufe shi, na ɗaure da zaren zanena. Ya tsinke sauran bai gan shi ba. Ya ƙulla ɗa. Kullum in ya fita sai in ɗaga ganyen in duba, daga kamar ƙwayar gujiya har ya kai ƙwan zabo. Ran nan na dawo daga rijiya na same shi zaune da abin a tafin hannunsa, kore shar.

Ya ce, "Ƴar Baudeta, ɓarawo ya shigo mana, ya bar zaren zanenki."

Ban yi dariya ba. Na sauke tulu na ce, "Ni nake jan ruwan nan. Hannuna ka gani? Ɗaya tak na roƙa."

"Baɗi."

"Bara ma baɗi ka ce. Ni da kai wa ya ga baɗi? In randar ce ta yi masa kaɗan, ga ƙasa nan faɗin duniya."

Na ƙi yi masa magana har aka yi juma'a biyu. Tuwo nake ajiye masa in juya.

Da ruwan farko ya sauka a shekarar, ya tafi gona, na ɗauki hauya na haƙa rami da kaina kusa da randar, har gwiwa. Na ce in ya dawo ya ga aiki ya ƙare ai sai ya haƙura. Ya shigo ya gani. Tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Wa ya sa ki? Wa ya ce ki taɓa ƙasar nan?" Ya fizge hauyar ya mai da ƙasar, yana tattakewa da ƙafa. Na ɗaga kai na ga ƙanensa tsaye ta kan darni yana kallo. Na ce masa, "Raggon miji, zo ka raba mu mana." Bai amsa wasan ba, ya juya ya shige. Na ɗauka nauyin yayansa ya ji.

Akwai wani abu da yake yi duk ƙarshen damina, sai yanzu na gane shi. Yakan karkata randar a hankali, ya sa kafaɗa ya tokare, ya leƙa gindinta. In wata saiwa ta biyo tsagar nan ta zagaye dutse tana neman ƙasa, sai ya sa aska ya yanke. Yakan ce don kar ta fasa randa. Ashe alkawari yake cikawa. Ko saiwa kamar zare bai bari ta taɓa ƙasar ƙanensa ba. Ya riƙe wa ƙanensa amana har ta saiwa, ya riƙe wa liman, ya riƙe wa maigari. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, ni aka bari ina share tsakar gidan wani ina waƙa.

Da ya gaya mini, mi zan yi? Zan yi kuka, in yi faɗa, in ajiye saura na gobe. Sannan in ce ya yi daidai, don da hatsin nan muka rayu, da shi ɗiyarmu ta kai aure. Ni ba yarinya ba ce. Na rufe ɗiya da hannuna, na ci ganyen da akuya ke ƙi. Maganar ƙasa ce za ta kashe ni? Ɗiyata ta ce kunya ya ji, wai namiji ba ya iya duban matarsa ya ce ya ba da gidan ubansa. Wataƙila. Amma ya iya dubana ina yabonsa a gaban mutanen da suka sani.

Ƙanen maigida bai kore ni ba, a rubuta wannan ma. Ya ce in zauna har in gaji. Amma ɗansa na fari zai yi aure bayan girbi, na kuma ga yadda facalata ke auna ɗakina da ido ba ta ma san tana yi ba. Ba zan zauna a yi mini alfarma a inda na ɗauka nawa ne ba. In na fita takaba zan koma wurin ɗiyata. Surukina ya aiko cewa in zo da iccen, akwai wuri a bayan ɗaki, a dasa. Na ce a gaya masa na gode, amma sai ya faɗa a gaban mutane, ina zaune, da kunnena.

Furen da masu gaisuwa suka gani ban tsinke shi ba. Yawanci ya kaɗe da kansa, kaɗan suka ƙulla. Yanzu reshe ya sunkuya, na tokare shi da sandar maigida. Ganyen ƙasa ya fara rawaya, kamar yadda ya ce zai yi. Mai garka ɗaya ya leƙo ya ce, "Inna, ki rage masa kaya in kina son shi, ga tafiya a amalanke gabansa." Na rage, na bar biyu. Ɗaya nawa. Ɗayan na makiyayin nan ne, in ya biyo kafin in tashi. Ko iccen zai kai baɗi ban sani ba. Kullum da safe nakan tsaya a kansa da farcena a shirye, sai in tuna, in sauke hannu.

Abin da nake tunawa shi ne safiyar ranar da ya cika. Ƙirji ya riƙe shi, ya ce in fito da shi ya sha hantsi. Na shimfiɗa masa tabarma jikin randa, na jingina shi. Ya daɗe yana kallon furen. Na ce, "Malam, hannunka ba ƙarfi. In tsinke maka?" Har na kai hannu. Ya kama bakin zanena. Na ga bakinsa na motsi kamar mai shirin doguwar magana, na durƙusa na kai kunne. Ya dubi darni, ya dube ni. Na sha gaya wa kaina cewa a nan ya so ya faɗa. Bai faɗa ba. Magana ɗaya ya yi, ga ta nan, daga ita bai sake cewa komai ba sai shahada.

Ya ce, "Bana ki bar shi ya haihu, ƴar Baudeta, kin jira da yawa. Amma kar ki fitar da shi daga randar nan. Abin da ke cikin randa naki ne, ba mai karɓe miki."